Yadda Idon Inna Ya Mutu

Da sunan Allah, wanda ya ga abin da ya faru kuma bai manta ba.

'Ya'yana da jikokina, na so in tsallake wannan shekarar a cikin tarihin nan, in wuce daga aurena da mahaifinku zuwa lokacin da aka ba ni shugabancin makaranta. Abin da ya hana ni wata magana ce da na ji kwanan baya a gidan suna a Kwangila. Ina zaune a gefe ina jiran ruwan alwala, sai wata yarinya mai goyo, jikar yayana marigayi Alhaji Garba, ta nuna ni da haɓa tana gaya wa ƙawarta wai ni ce tsohuwar da ta kai uwarta asibiti aka ƙwaƙule mata ido. Ta ɗauka kunnena ya tsufa kamar sauran jikina. Ban ga laifinta ba, abin da aka raine ta da shi ke nan. Amma na dawo gida abinci ya ƙi shiga. Ƙaryar da aka ƙulla tun ina da ƙuruciyata ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki, har ta zo ta zauna kusa da ni da goyo a baya. Don haka ku natsu ku ji yadda aka yi.

Mahaifiyata, wadda duk layinmu na Tudun Wada suke kira Inna Malama, 'yar gidan malamai ce daga cikin birni. Bayan rasuwar Baba ba ta bar gidanmu ba. Ta ci gaba da zama da Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, tana karantar da 'yan mata da matan aure a tsakar gida, a gindin bishiyar lemon tsami. Haddarta mai ƙarfi ce, amma ba ta son karatu da ka kawai. Takan ce tana so ta ga baƙi da wasali a takarda, yatsanta yana bin layi. Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa, Yaya Garba da ni. Shi ne ɗan fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. In ya shigo gaisuwa sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, in za ta ambace shi a gabana sai ta ce “yayanki.”

Idonta na hagu ya tafi ba wanda ya sani, har ita kanta. Ba ciwo, ba ja, ba kwantsa, irin wanda tsofaffi ke kira garara, ido garau a buɗe amma ba gani. Ranar da ta gane, kwalli take sawa, ta rufe na dama sai duniya ta ɓace mata gaba ɗaya. Ta ja bakinta ta yi shiru. Ni ma ban farga ba sai da na ga tana yawan karo da turmi, tana ture buta da ƙafa, in za ta duba littafi sai ta kai shi dab da hanci ta karkata kai. Da na matsa mata da tambaya ta ce na dama ma ya fara yi mata hazo, kuma kamar ta cikin kara take leƙen duniya, ba ta ganin gefe.

Wannan shi ne zamanin da kuɗin mai suka sauko wa mutane kamar ruwan tsakiyar damina. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da ariyas na watannin baya, Tudun Wada ta cika da sababbin babura da rediyoyi, kowane zaure ka leƙa sai ka tarar da wanda yake kiran kansa ɗan kwangila. Yaya Garba, wanda da yake sayar da yadi a rumfa a kasuwa, ya samu hanyar kai siminti da kwanon rufi wuraren da ake gina makarantu. Kafin ka ce me ya yi mota da direba, ya gina gida a Hanwa mai falo da fanka da firji, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare. Allah shi ne shaidata, ban taɓa baƙin ciki da arzikinsa ba, ni ma na ci daga ciki. Abin da na tsana shi ne abin da arzikin ya koya masa, wato babu wani abu a duniya da mai kuɗi yake jira. Layi na talaka ne, haƙuri ma na talaka ne.

Ni na kai Inna asibiti, wannan gaskiya ne, kuma da za a dawo da ranar sai in sake kai ta. Likitan ido a lokacin wani dattijo ne baƙon ƙasa, ba ya jin Hausa, sai wata nas ta riƙa fassara. Ni kuwa malamar firamare ce, ina jin Turanci, don haka na ji maganar daga bakinsa, na kuma ji ta daga bakin nas ɗin. Ba labari aka ba ni ba. Ya ce cuta biyu ce ta haɗu a ido ɗaya. Ta farko yanar ido ce, kuma ita mai sauƙi ce, in an cire ta aka ba mutum tabarau mai kauri gani yakan dawo. Ta biyu ita ce muguwar, wadda yanzu kuke kira hawan jinin ido: ruwan cikin ido ya rasa hanyar fita, yana taruwa yana danne jijiyar gani. Abin da ta riga ta ci ba ya dawowa har abada. Ita ta kashe na hagu, kuma ga ta tana cin na dama daga gefe. Ya ce takan bi jini, shi ya sa kuke ganin ina matsa muku da zuwa awon ido kuna cewa na cika mita. Ya ba da maganin ɗigawa muka yi ta sawa, muka koma, ya auna ya girgiza kai. Ya ce magani ya gaza, sai aiki.

Ranar da za a yanke shawara Yaya Garba ya zo da kansa, babbar riga tana ƙamshin turare, makullin mota a hannu duk da direba yana waje. Likita ya shimfiɗa mana hanya biyu. Ta farko, a buɗe wa ruwan nan 'yar ƙofa ya samu mafita, a bar idon ya warke ya huce na wasu watanni, sannan a dawo a cire yanar. Ya yi gargaɗi, kuma ya maimaita, cewa tsakanin aikin farko da na biyu yanar za ta ƙara kauri, gani zai ragu fiye da yanzu, mai yiwuwa ta koma ba ta bambance komai sai haske da duhu. Hanya ta biyu, a haɗa aikin biyu rana ɗaya, kwanciya ɗaya, jinya ɗaya. In an dace, kafin ruwa ya ɗauke tana karatu. Amma yankan ya fi girma, idon yana iya zubar da jini a ciki, ko ƙofar da aka buɗe ta toshe, kuma in ya ɓaci gyaransa da wuya. Ya ce da idonta biyu ne da bai damu ba ya haɗa. Da yake ɗaya ne, shi ya fi son a bi a hankali, amma idon nata ne, ita za ta zaɓa.

Yaya Garba bai bari ya rufe baki ba ya ce a haɗa. Ashe ya riga ya biya mata kujerar Makka ta wannan shekarar, ya kuma gaya wa abokansa cewa da uwarsa zai tafi. In aka bi hanyar farko, alhazai za su tashi tana cikin jira. Ya juyo ya ce da ni in gaya wa likita kada ya ji komai, in ya gama aikin da wuri za a kyautata masa sosai. Na ce ba zan fassara wannan ba. Ya dubi nas ɗin, ita ma ta sunkuyar da kai tana gyara kwalabe a kan tebur. Duk wannan Inna tana zaune ta juya fuska wajen bango saboda ɗanta yana ɗakin. Sai ta kira sunana a hankali.

“Rabi, tambaye shi, a cikin biyun wanne ne in ya ɓaci ake iya gyarawa?”

Na tambaya. Ya ce na farko.

“To shi nake so. Ido ɗaya gare ni, ba zan yi gaggawa da shi ba. Ki gaya wa yayanki Makka tana nan baɗi.”

Ku lura da kyau, ba ni na zaɓa ba, ba likita ba ne. Tsohuwar da daga baya aka mayar kamar akuyar da na ja da igiya zuwa mahauta, ita ce ta yi tambayar da ta fi ta kowa hankali a ɗakin nan, ita ce ta zaɓa. Yaya Garba ya tashi ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Aka yi aikin farko, kuma ya yi kyau. Da muka koma awo likita ya yi murmushi, ya ce ruwan ya sauka, jijiyar da ta rage ta samu sarari. Sannan abin da ya faɗa ya soma faruwa daidai yadda ya faɗa. Hazon ya yi ta ƙaruwa. Inna ta daina gane fuska, ta daina gane ƙofa, har ta kai in rana ta fito ta ce ga haske ta can, shi ke nan. Matar da ba ta taɓa yarda a ɗebo mata ruwan wanka ba, sai ga shi ana riƙe mata hannu zuwa bayan gida. Ta rufe littattafanta ta sa aka ɗora su a saman kabad. Ɗalibai suka fara raguwa. A nan bakuna suka buɗe. Gwaggo Asabe ce kan gaba, duk wadda ta shigo dubiya sai ta tare ta tun daga zaure ta gaya mata cewa da ƙafarta ta shiga asibiti tana gani, ta fito tana lalube. Kowace baƙuwa da nata maganin, wannan ta ce zuma, waccan ta ce ruwan wani ganye, wata ta ce sammu ne. Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce an faɗa mana tun farko, na ce saura kaɗan a cire yanar. Sai a dube ni a ce ai 'yar boko ba ta ganin laifin asibiti. Mahaifinku Malam Isa yakan ce in daina sa musu baki, lokaci zai yi mini magana. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma a wannan bai canka daidai ba.

Saura 'yan makonni a yi aiki na biyu, Yaya Garba ya zo ya ce zafin Tudun Wada ya yi wa Inna yawa, gidan kuma ya cika da masu dubiya ba ta samun hutu, zai kai ta Hanwa ta sha fanka kafin ranar. Ɗanta ne, gidansa ne, ga shi kuma ya yi maganar cikin lumana. Na haɗa mata kayanta da maganin ɗigawa, na nuna wa Gwaggo yadda ake sawa, don tare suka tafi. Lokacin jarrabawa ne a makaranta, na ce zan riƙa leƙowa ranar hutu.

Abin da ban sani ba shi ne wani mutum ya sauka a garin, mai yawo gari gari yana kwantar wa mutane yanar ido. Ana zagayawa da shi a mota da lasifika ana cewa makaho ya zo ya koma da idonsa. Aikinsa shi ne ya soka wani tsinken ƙarfe ta gefen ido ya tura yanar ta faɗa can ciki, haske ya samu hanya. Bai san ruwan ido ba, bai san jijiya ba, bai tambayi ko an taɓa yi wa idon aiki ba. Abokan kwangilar Yaya Garba suka ba shi labari, ya aika mota aka ɗauko masa shi. A falo aka yi, a kan sabon kafet, da hantsi, Gwaggo Asabe ta riƙe mata kai. Ba a gaya mini ba, domin an san abin da zan ce.

Ina cikin aji ina raba takardun jarrabawa direban Yaya Garba ya zo ya ce Alhaji yana kirana yanzu. Na ɗauka rasuwa ce. Da muka isa sai na tarar da gida cike da mutane, an ɗora tukwane, ana ta barka. Aka buɗe mini hanya zuwa ɗaki. Inna tana zaune a bakin gado, idon ya yi ja yana hawaye. Ta ɗago kai ta dube ni, ta daɗe.

“Rabi, zanenki shuɗi ne.”

Na durƙusa a gabanta. Ba zan ɓoye muku ba, farin ciki ne ya fara zuwa, har na yi kuka. Sai na ga ɗan tabon jini a gefen idon, kusa da inda likita ya yi aikinsa, na tambayi abin da aka yi mata. Da aka gaya mini, na waiwaya. Yaya Garba yana tsaye a bakin ƙofa, abokansa a bayansa.

“Ga abin da likitanki ya ce sai wata da watanni. Kafin shayina ya huce aka gama.”

Na ce ya yi wa Allah mu kai ta asibiti yau a duba. Ya ce babu mai sake taɓa idon nan, sun gwada nasu an gani, shi ma ya gwada nasa an gani. Mutanen suka yi dariya.

Da ɗakin ya yi sauƙi na rufe ƙofa na tambaye ta me ya sa ta yarda, ita da ta ce ba za ta yi gaggawa ba. Ta ce ya shigo ya durƙusa ya kama ƙafarta yana kuka, ya ce tun da ta haife shi bai taɓa roƙonta komai baki da baki ba sai yau. Sannan ta ƙara da abin da har gobe yake sukata.

“Kuma na gaji da duhun, Rabi. Na gaji ƙwarai. Ɗazu na kalli yayanki, ko da dishi-dishi ne. Ashe har ya yi furfura a gemu.”

Na ji haushinta a ranar, ita ma. Ina faɗa muku don kada ku ce na keɓe wani. Amma wadda aka bari cikin duhu, ana zuba mata magana a kunne safe da yamma cewa an cuce ta, sannan ɗan da take jin kunyarsa ya kama ƙafarta, ba ita ce abin tuhuma ba. Abin tuhuma shi ne mai ido biyu lafiyayyu, wanda yake zaune a ɗakin nan likita ya yi bayani, ya ji da kunnensa cewa ba ta da wani idon a ajiye.

Daga Hanwa ban koma gida ba, asibiti na wuce. Da na gaya wa likita, ya cire tabarau ɗinsa ya ajiye, ya dafe goshi. Ya ce a kawo ta nan take, in an yi sauri wataƙila a tare abin. Na ɗauki tasi na koma. Maigadi ya tare ni a ƙofa yana ba ni haƙuri, ya ce Alhaji ya ce in gaisuwa na zo in shiga, in ɗaukar Inna na zo kada a bar tasi ya shigo. Ni, a ƙofar gidan wanda muka sha nono ɗaya. Na shiga da ƙafa na roƙi Inna ta taso mu tafi, ta ce ba za ta kunyata shi a gaban mutanensa ba, in bari a ga kwana biyu. Washegari na je da Malam Isa, Yaya Garba ya bar shi a zaune a falo har azahar bai fito ba. Haka kwanakin da za a iya ceton idon suka tafi, ana soya nama ana karɓar barka.

Sannan ciwon ya taso. Idon ya kumbura ya rufe, kanta kamar zai tsage, tana amai, ba ta iya ko ɗaga kai ta yi salla. Aka aika neman mai tsinken, aka ce ya bar gari tuni, ba wanda ya san inda ya nufa. Ko a nan ba su kai ta asibiti ba. Sai da suka gwada tozali, suka gwada hayaƙi, suka gwada ɗaure kai da ganye. Da zazzaɓi ya rufe ta ta fara sambatu, sannan Yaya Garba ya aiko mini. Ni na tallafe ta a bayan motarsa, kanta a cinyata, mugunya tana jiƙa mini zane. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa da allurai, abin ya ƙi. A ƙarshe ya kira mu ya ce idon ya riga ya mutu, kuma in ba a kwashe abin da ke cikinsa ba ciwon zai iya haurawa kai ya tafi da ita. Yaya Garba ya juya baya. Ni na ce a yi. Na zaɓi uwata a raye ba ido, kuma ban taɓa nadama ba.

Kun ga yadda aka gina ƙaryar? Ba a ƙirƙiri komai ba. An ce na kai ta asibiti gani ya ragu, haka ne. An ce wani bawan Allah ya buɗe mata ido har ta gane launin zane, haka ne. An ce na mayar da ita asibiti aka cire idon, haka ne. Abin da ke tsakiya kawai aka zare, tsinken da ciwon da maigadin da kwanakin da aka hana ni ita. Gwaggo Asabe, wadda hannunta ne ya danne kan Inna a falon nan, ita ta fi kowa yaɗa wannan labari, don in ba ni ce mai laifi ba to ita ce.

A barandar asibiti, ranar da aka fito da Inna daga ɗakin aiki da bandeji, dangi sun taru, na ji Yaya Garba yana gaya wa wani kawunmu cewa ƙaddara ce, haka Allah ya so. Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

“Ranar da ta ga shuɗin zanena ba ka ce ƙaddara ba, Yaya. Cewa ka yi kai ne. To yau ma kai ne.”

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya sauke, ya tafi. Bayan kwana kaɗan dattawan gidanmu suka zo daga cikin birni suka zaunar da ni, suka ce na ci mutuncin yayana a bainar jama'a, in je Hanwa in durƙusa in ba shi haƙuri. Babu ɗaya a cikinsu da ya tambaye shi me ya kai tsinke idon uwarsa. Yawancinsu shi yake yi musu ɗinkin salla, wasu shi ya kai su Makka. Na ce in ya tsaya a gabansu ya faɗi abin da aka yi a falonsa, zan durƙusa har goshina ya taɓa ƙasa. Bai faɗa ba, ni ma ban je ba. Wannan shi ne dalilin da kuka tashi ba ku san ɗakunan gidan Hanwa ba, kuna haɗuwa da 'ya'yan kawunku a hanya kuna gaisawa kamar baƙi. Na san abin da na jawo muku. An yi bukukuwa ba a gayyace mu ba, an yi rabon abubuwa an tsallake ku, har a makaranta wata uwa ta taɓa cire 'yarta daga ajina ta ce ba ta yarda da hannuna ba. Duk na gani, na haɗiye.

Inna ta dawo gidana da zama, ita ta nemi haka. A hankali ɗalibanta suka dawo, ta koma karantarwa da ka, abin da ba ta taɓa so ba. Yarinya tana karatu a ƙarshen tabarma, ta ci wasali ɗaya, sai Inna ta ɗaga yatsa. Wani lokaci nakan same ta ta sa an sauko mata da littafi, ta buɗe shi a cinya tana shafa takardar kawai. In na ga haka nakan fita bayan gida in tsaya har zuciyata ta sauka, don kada ta ji a muryata.

Da shekara ta zagayo Yaya Garba ya kai ta Makka, kamar yadda ya yi alkawari. Ya aiko direba ya ɗauke ta daga ƙofar gidana, shi bai fito daga mota ba. Da suka dawo, bayan masu barka sun watse, ina shafa mata mai a ƙafa don ta kumbura, na tambaye ta yaya ta samu Ɗakin Allah. Na yi tambayar da ɗaci, ta kuma gane. Ta ce ta ji ƙamshinsa, ta taɓa rigarsa da hannunta, ta ji zaren rubutun da ke jiki a ƙarƙashin yatsunta har ta gane wasu haruffa. Ta ce yayana ne ya riƙe ta duk ɗawafin, bai bari kowa ya karɓe shi ba, yana gaya mata abin da ke gabanta, ga baƙin kyalle, ga ƙofar zinare, ga tsuntsaye, yana faɗa muryarsa tana karyewa har ya kasa ci gaba.

“Ki bar shi haka, Rabi. Ya sani. Ni na yafe masa tun a can.”

Na tambaye ta ko a can ɗin ya ce mata zai gaya wa mutane gaskiya. Ta kau da kai. Na ci gaba da shafa mata mai.

Bai faɗa ba har ta rasu. Bai faɗa ba har shi ma ya rasu, yana da shekaru masu yawa da zai iya tara 'ya'yansa ya yi magana ɗaya tak. Na je gaisuwar mutuwarsa, na yi masa addu'a, har yau ina yi masa, don ɗan uwana ne kuma ba na so ya sha wuta saboda ni. Amma kada wani a cikinku ya zo ya ce mini tun da Inna ta yafe ni ma in yi shiru. Idon nata ne, tana da ikon ta yafe shi. Sunan da aka ɓata nawa ne. Na yi shiru tana raye don kada in ƙara mata ciwo, na yi shiru yana raye don ina jiran ya faɗa da bakinsa. Yanzu ba sauran wanda nake jira. Ku kai wa mutanen Hanwa wannan babin, ku ce su karanta shi da ƙarfi a falon nan.